Fetur Mai Babban Oktan Yana Ƙara wa Mota Ƙarfi Kuwa?

Tsohuwar gardama ce tsakanin masu motoci, har yau kuma ba a raba ta ba: idan aka zuba wa mota fetur mai lambar oktan 98 a maimakon mai lamba 91, za ta ƙara ƙarfi ko kuwa kuɗi kawai ake ƙonawa? Wani zai rantse maka cewa da zarar tasa ta sha mai tsadan sai ta yi sauƙi a ƙafa, wani kuma ya ce ya gwada bai ji komai ba. Idan aka kai ƙara wajen tsohon bakanike, ƙa'idar da ya gada zai karanto: duk injin da matsinsa ya haura 10:1 ba ya ɗaukar ƙaramin mai. To amma ga injin Toyota mai lita 2.5 da ke cikin Camry tun daga ƙirar 2018, matsinsa 13:1 ne, kamfanin kuma ya ce a ba shi fetur na gama-gari. Ga kuma injina masu tobo, na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska, da matsinsu bai ma kai 10:1 ba, amma littafinsu ya wajabta babban oktan. Wa za a bi ke nan?

Gardamar ta ƙi mutuwa ne saboda ana cuɗa abubuwa uku wuri guda, wato matsi da oktan da ƙarfin doki, alhali injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda sun sauya yadda ukun ke haɗuwa. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne matsin inji?

Injin fetur na mota aiki huɗu yake maimaitawa. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, ya hau ya matse ta tare da fetur, fulogi ya ba da tartsatsi cakuɗin ya kama ya turo fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kammala wannan zagaye sau 25 cikin daƙiƙa ɗaya.

Ma'aunin matsi kuwa kwatanci ne tsakanin filin da ke cikin silinda lokacin da fistin yake can ƙasa, da ɗan abin da ya rage lokacin da ya kai ƙololuwa. A ɗauka fistin yana share cc 500 a tafiyarsa, a samansa kuma akwai ɗakin ƙuna mai cc 50. An cusa 550 cikin 50 ke nan, matsi ya zama 11:1. A rage ɗakin ya koma cc 40, sai matsi ya tashi zuwa 13.5:1. Cc goma kacal suka yi wannan aiki, shi ya sa idan aka kankare tof ɗin inji da yawa bayan zafi ya lanƙwasa shi, halin injin yakan sauya.

Injiniyoyi suna kwaɗayin babban matsi domin gwargwadon yadda aka matse cakuɗin, gwargwadon nisan da zai buɗe yana tura fistin kafin a sake shi ya fita ta salansa. A lissafin takarda, inda ake ƙaddara cewa babu asara ko kaɗan, inji mai 8:1 zai mai da kashi 56 da ɗoriya cikin 100 na zafin mai ya zama aiki, mai 10:1 kashi 60, mai 12:1 kashi 63, mai 14:1 kashi 65. A duba yadda ribar ke raguwa a kowane mataki. A zahiri babu injin mota da ke kusantar waɗannan lambobi, don zafi na zurarewa ta bangon silinda da lagireto. Toyota da ta kai kashi 40 da injin nan nata mai 13:1, da kashi 41 da ɗan'uwansa mai 14:1 na motoci masu haɗa fetur da batir, sai da ta yi shela.

Ƙwanƙwasa, katangar da ta tsare hanya

Da matsi ba shi da illa, da tuni an kai shi 20:1. Abin da ya hana shi ne iska tana yin zafi idan an matse ta. Kafin fulogi ya yi tartsatsi, cakuɗin da ke cikin inji mai 10:1 ya riga ya haura digiri 400 a ma'aunin Selsiyos.

A ƙuna mai lafiya, wuta tana tashi daga bakin fulogi ta bazu zuwa gefuna a hankali, kodayake wannan "a hankali" ɗan yanki ne na daƙiƙa. Yayin da take tafiya, ɓangaren da ya ƙone yana kumbura yana ƙara matse ragowar cakuɗin da ke can lungun silinda, wanda wutar ba ta iso ba tukuna. Wannan ragowa ita ce abin tsoro. Idan zafi da matsi suka fi ƙarfinta, ba ta jiran wuta ta iso, sai ta fashe gaba ɗaya da kanta. Girgizar fashewar tana kai da komo tsakanin bangayen silinda, direba kuma ya ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, galibi a kan hawa ko lokacin da ya taka totur giya na sama. Ita ce ƙwanƙwasa. Kaɗan daga cikinta ba ya kashe inji, amma idan ta yi tsanani ta daɗe, tana zaizaye kan fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket, daga nan sai a ji inji ya buga.

Wannan katanga ce ta sa Ford Model T, mai inji lita 2.9, ta tsaya a matsi wajen 4:1 da ƙarfin doki 20. Man zamaninta ba ya jure fiye da haka.

Abin da lambar oktan ke aunawa

Oktan ma'auni ne na haƙurin fetur, wato yadda yake jure zafi da matsi ba tare da ya kama da kansa ba. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, shi ya kawo ma'aunin a shekarun 1920. An ɗauki sinadarai biyu: aiso-oktan mai tsananin juriya aka ba shi maki 100, da heptan mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 95 shi ne wanda a injin gwaji yake jurewa daidai da gaurayen kashi 95 na aiso-oktan da kashi 5 na heptan.

Lambar ba ta faɗin komai game da yawan makamashin da ke cikin man. Litar fetur tana ɗauke da wajen megajul 32, ko mai 91 ce ko mai 98. Hasali ma idan da etanol aka ɗaga lambar, makamashin raguwa yake yi: etanol yana da oktan wajen 108, amma litarsa ta gaza ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku na makamashi.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Gwaji biyu ake yi wa fetur. Na farko, RON, ana yin sa a juyi 600 a minti. Na biyu, MON, ya fi tsanani, a juyi 900 da cakuɗin da aka ɗumama, don haka lambarsa kullum ƙasa take. Turai da Japan da Ostireliya da yawancin duniya RON suke rubutawa a jikin famfo. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba gida biyu. Shi ya sa 87 na Amurka ya yi daidai da wajen 91 na RON, 91 nasu ya yi kusa da 95, 93 nasu kuma wajen 98. Wanda ya sayi motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ya ga 87 a littafinta, kada ya ɗauka tana shan abin da ya gaza na kowa.

Shekaru da dama da gubar dalma ake sayen oktan cikin araha. Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano amfaninta a 1921, aka fara sayar da man a 1923, aka kuma yi ta shaƙar hayaƙinsa har zuwa 2021, lokacin da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci. Tun da aka janye dalma, kowane maki na oktan sai matatar mai ta yi masa wahala, abin da ya sa mai babbar lamba ya fi tsada.

Daga ina ƙarfin doki ke fitowa?

James Watt ne ya ƙirƙiro ma'aunin a ƙarni na 18 don ya tallata injinan tururi ga mutanen da doki suka sani. Doki ɗaya wat 746 ne. Na Turai, wanda ake rubutawa PS, ya ɗan gaza, wajen wat 735.

Ƙarfin doki sakamakon abu biyu ne: ƙarfin murɗawa da inji ke bayarwa, da saurin juyinsa. Injin da ke ba da murɗawa Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) a juyi 3,000 yana fitar da doki wajen 84. Idan ya iya riƙe wannan murɗawa har juyi 6,000, dokinsa sun ninka. Wannan ya sa lambar da ke takardar talla takan yaudari mutum, don a can ƙurewar juyi ake samunta, inda mai tuƙin yau da kullum ba ya zuwa.

Abin da ke iyakance ƙarfi kuwa iska ce. Kowane giram na fetur yana buƙatar wajen giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Zuba fetur ba wuya, shigar da iska shi ne aiki. Ko dai a ƙara girman inji, ko a ƙara saurin juyinsa, ko a ɗura masa iskar da tsiya, wanda shi ne aikin tobo. Tobo mai ƙara bar ɗaya, wato kwatankwacin nauyin iskar waje, a kan nauyin iskar wajen yana kusan ninka abin da silinda ke haɗiya. Matsi shi kaɗai ɗan ƙarin ƙarfi yake bayarwa, babbar ribarsa tana wajen tsimin mai.

Abin da feshin kai tsaye ya sauya

A injin kabureta, da ma injin da nozil ɗinsa ke bayan bawul, fetur yana gauraya da iska tun a hanya. Yawancinsa yana sauka a kan bawul mai zafi da bangon bututu, a can yake zama tururi, zafin da yake buƙata kuma daga ƙarfen yake zuƙa.

A injin feshin kai tsaye, bakin nozil yana cikin ɗakin ƙuna. Famfo na musamman yana tura man da ƙarfin bar 200, sababbi har 350, alhali na bayan bawul bar 3 zuwa 5 ya ishe shi. Man yana fitowa ya tarwatse ya zama hazo, ya koma tururi a tsakiyar iska. Duk wanda fetur ya taɓa zubar masa a hannu ya san sanyin da yake bari yayin da yake bushewa. To wannan sanyin ne yanzu ke sauka a kan iskar da ke cikin silinda, maimakon ya tafi a banza a jikin ƙarfe. Iska mai sanyi ta fi cushewa, don haka ana samun ƙarin ta. Mafi muhimmanci kuma, tun da ta fara daga ƙasa, ba ta kai zafin fashewa da wuri idan an matse ta. Da wannan kaɗai injiniya yakan samu damar ƙara matsi da kusan maki ɗaya, wani lokaci fiye, ba tare da ya sauya man da ake sha ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mercedes 300 SL ta 1954 da ita ta fito. Sai dai ba ta zama ta kowa ba sai da kwamfuta ta iya sarrafa feshin, bayan Mitsubishi ta fito da injinta na GDI a 1996. Daga nan kamfanoni suka rabu gida biyu wajen cin wannan riba. Wasu suka zuba ta a matsi: Mazda ta fito da SkyActiv-G mai 14:1 a 2011, ta rage shi zuwa 13:1 a kasuwar Amurka don ya sha 87 ɗinsu. Wasu suka zuba ta a tobo: injin Ford EcoBoost mai lita ɗaya da silinda uku yana ba da PS 125 da matsi 10:1. Don a ga nisan da aka yi, Porsche 911 Turbo ta 1975 sai da aka sauke matsinta zuwa 6.5:1 kafin ta iya ɗaukar tobo.

Dalilin da lambar matsi ke yaudara a yau

Lambar da ake rubutawa ta awon ƙarfe ce, ba ta faɗin yawan iskar da aka kulle a ciki. Fistin ba ya fara matsewa sai bawul ɗin shigar iska ya rufe. Injina irin na Toyota da Mazda, idan babu nauyi a kansu, sukan jinkirta rufe bawul har sai fistin ya yi nisa a hawansa ya mayar da wata iskar baya. Matsin gaske ya ragu, amma buɗewar bayan ƙuna tana nan da tsawonta. Ana danganta wannan tsari da James Atkinson, injiniyan Ingila na ƙarni na 19. Shi ne sirrin inji mai 13:1 da ke shan ƙaramin mai lafiya lau.

Injin tobo kuwa akasin haka ne. Matsinsa a takarda ƙarami ne, amma iskar da ya fara matsewa ta riga ta zo a matse da ɗuminta. Abin da fetur ke ji shi ne zafi da nauyin da ke kansa a ƙarshen matsewa, bai san abin da aka rubuta a takarda ba. Kamfanin Nissan ma ya ƙera inji, VC-Turbo, da ke sauya matsinsa yana cikin tafiya, daga 14:1 lokacin da ake tafiya a hankali zuwa 8:1 idan tobo ya buɗe wuta.

To wa ke da gaskiya?

A jikin kowane injin zamani akwai sensa da ke sauraron girgizar ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai kwamfutar inji ta jinkirta tartsatsin fulogi, ta kuma rage iskar tobo idan akwai. Ƙarar ta ɓace, inji ya tsira, amma ƙunar ta zo a makare, ƙarfi ya ragu, mai ya ƙara tafiya, hayaƙi ya ƙara zafi. Direba ba zai ji ƙara ba, sai dai ya ji mota ta yi nauyi.

A nan amsar take. Idan an tsara inji yadda da ƙaramin mai ma yana samun taimin, wato lokacin tartsatsin fulogi, da ya fi dacewa da shi, babban oktan ba shi da abin da zai ƙara masa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada haka a 2016, ba ta ga wani amfanin a zo a gani ba, ta kuma ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun ɓarnatar da sama da dala biliyan 2 cikin shekara guda wajen saya wa irin waɗannan motoci mai tsada. Idan kuwa kwamfuta tana danne injin ne don gudun ƙwanƙwasa, babban oktan zai sa ta sakar masa mara. Misali mafi bayyana shi ne injin Mazda mai lita 2.5 da tobo, mai matsi 10.5:1, wanda ya fito a CX-9 ta 2016. Kamfanin lamba biyu ya buga masa: doki 227 da mai 87, doki 250 da mai 93 a ma'aunin Amurka. Ƙarfin murɗawarsa kuwa ɗaya ne a duka biyun, Nm 420, bambancin sai a saman juyi yake fitowa. Ke nan inji mai 10.5:1 ya amfana da babban oktan, ɗan gidansu mai 13:1 bai buƙace shi ba.

Saboda haka mai cewa tasa ta ƙara ƙarfi yana iya yin gaskiya, musamman idan mai tobo ce kuma a lokacin zafi, don iska mai zafi tana jawo ƙwanƙwasa kusa. Mai cewa bai ji komai ba shi ma ba ƙarya ya yi ba. A ganina wanda ya yi kuskure shi ne mai ɗaukar abin da ya gani a motarsa ya mai da shi doka ga kowace mota. Ko tudu ma yana da ta cewa: a jihohin Amurka masu tsaunuka irin su Kolorado ana sayar da mai 85, saboda iska ba ta da nauyi a can, injin da ba shi da tobo ba ya cika ciki. Mai tobo kuwa wannan rangwame bai shafe shi ba, tun da tobo zai cike giɓin.

Kowane allazi da nasa amanu

Feshin kai tsaye ya zo da nasa cututtukan, kuma mafi muni a cikinsu oktan ba ya maganinta. Ƙananan injina masu tobo, idan aka taka su sosai alhali juyinsu na ƙasa, wani lokaci cakuɗin yakan kama tun kafin fulogi ya yi tartsatsi, fistin na kan hawa. Jinkirta taimin ba ya hana wannan, tun da ba fulogi ne ya kunna wutar ba. Fashewa ɗaya irin wannan tana iya tsaga fistin. Bincike ya danganta abin da ɗigon baƙin mai gauraye da fetur da ke tsalle daga bangon silinda, da ɓarɓashin dauɗa mai zafi, aka kuma gano cewa sinadarin kalsiyam da ke cikin wasu baƙin mai yana ƙara haɗarin. Dalilin fito da matakan ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020 ke nan. Mai irin wannan mota da ke zaɓen fetur da tsantseni amma ya zuba mata kowane irin baƙin mai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai dauɗar bawul. A tsohon tsari fetur yana wanke bayan bawul a duk zuƙa. Yanzu ba ya bi ta nan, sai tururin baƙin mai ya riƙa gasuwa a wurin har ya zama baƙin dunƙule mai toshe hanyar iska. Inji ya fara rawa da safe, ƙarfi ya ragu. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, sai an buɗe an kankare. Wannan na cikin dalilan da suka sa Toyota da Ford suke sa nozil biyu a kowace silinda a wasu injinansu, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul. Akwai kuma ƙurar hayaƙi ƙanana da irin waɗannan injina ke fitarwa fiye da na da, wadda ta sa Turai ta tsaurara doka daga 2017, motoci da yawa suka koma ɗauke da matatar ƙura a bututun salansa.

Abin da ya rage ga mai mota

Littafin mota da murfin tanki sun fi lambar matsi sanin abin da injin ke so, amma a lura da lafazinsu. Akwai inda aka ce wannan lamba ita ce mafi ƙaranci kuma wajibi. Akwai inda aka ce shawara ce kawai, wato motar za ta sha na ƙasa ba tare da lahani ba, sai dai ta rage ƙarfi. A irin wannan, lissafi ne tsakanin mutum da aljihunsa: wanda ke jan kaya ko hawan tsaunuka cikin zafi zai ga bambanci, mai zirga-zirgar cikin gari da wuya ya gani.

Kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa kuwa a karanta su da idon basira. Da yawansu idan sun ce suna ƙara maki, maki goma ne ke yin lamba ɗaya, don haka "maki uku" yana nufin daga 91 zuwa 91.3. Masu ɗauke da manganis kuma suna barin jar ƙura a kan fulogi da sensar hayaƙi.

Idan motar ta wajabta babban oktan aka kuma rasa shi a kan hanya, ba sai an ajiye ta ba. A zuba na ƙasa gwargwadon abin da zai kai mutum inda zai samu, a sassauta ƙafa, a guji taka totur ƙasa, a kan hawa kuma a sauke giya don inji ya juya da sauƙi maimakon a bar shi yana nishi a giya ta sama. Idan aka cika da mai kyau daga baya, biyun za su gauraya lambar ta faɗa tsakani, kwamfuta kuma takan ɗauki ɗan lokaci tana gwadawa kafin ta mayar da taimin inda yake.